Neman Ilmin Magani A Ƙasar Sin

Yau samarinmu suna tafiya ƙasar Sin koyon maganin gargajiya na mutanen can, iyaye kuwa suna tambaya ko abin ilmi ne ko tsibbu. Maganar da ake dangantawa ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da neman ilmi har Sin, malaman hadisi sun raunana ta, saboda haka ba da ita za mu kafa hujja ba.

A shekara ta 1956 hukumar Sin ta buɗe manyan makarantun wannan fanni a birane huɗu, watau Bejin da Shangai da Cendu da Gwanzu, inda fatakenmu ke sarin haja. Karatun shekara biyar ne, kuma sai ɗalibi ya fara jin harshen, domin tsofaffin littattafansu haddace su ake yi kamar yadda almajiri ke haddace matani. Sa'an nan ya zauna gefen malami yana kallo. Malamin yakan ɗora yatsu uku a wuyan hannun majinyaci yana sauraron bugun jijiya, ya duba harshensa, kana ya rubuta haɗin saiwoyi da sassaƙe. Suna ƙaho irin na wanzamanmu, suna kuma soka siraran allurai a wurare 361 na jiki. A 1027 wani likitan fada, Wang Weyi, ya sa aka zuba mutum-mutumin tagulla mai hudoji. An ce ran jarrabawa akan toshe hudojin da kakin zuma, a cika cikinsa da ruwa, ɗalibi ya soka allura. In ruwa ya fito ya ci, in bai fito ba ya koma allo.

Babban littafinsu na itatuwa Li Shijan ya wallafa shi. Shekara 27 ya yi yana aikinsa, ya gama a 1578, ya tara magunguna 1,892, yana gyara kuskuren magabata ba da jin nauyi ba. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne labarin wata mace, Tu Yuyu. A 1969 aka ɗora ta kan neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Ta tattara haɗe-haɗe fiye da 2,000, ta gwada wani ganye ɗan'uwan tazargade, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai ta koma ga littafin Ge Hong na ƙarni na huɗu, ta tarar jiƙa ganyen ya ce a yi, a matse a sha, bai ambaci dafawa ba. Nan ta gane wuta ke kashe ƙarfinsa. Ta tatso shi ba da zafi ba, a 1971 gwaji na 191 ya yi nasara, ta kuma sha da kanta kafin a ba majinyata. Daga nan aka sami tushen ƙwayoyin zazzaɓin da ake ba 'ya'yanmu a asibiti, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A ganina ɗalibin da ya komo da haddar littafi kaɗai, bai koyo irin wannan gwaji ba, ya yi asarar guzurinsa. Ba kowane haɗi ne lafiya ba: a farkon shekarun 1990 wata saiwar Sin da aka sa cikin maganin rage ƙiba ta lalata ƙodar mata fiye da ɗari a Beljiyam.

Batun addini kuwa, ɗalibi ba zai rasa 'yan'uwa ba. Akwai Musulmin Hui, masallacinsu na Titin Shanu a Bejin an ce tun 996 aka kafa shi, ginin da rufinsa irin na Sin, rubutun bango kuwa Larabci. Gidajen abincinsu suna da alamar halal a ƙofa, taliyarsu ta naman sa da hannu ake ja. Abin da zai faranta wa masu karatunmu, su ma suna da ajaminsu, suna rubuta harshen Sin da baƙaƙen Larabci. Sai dai a kula da akwatunan magani, domin wasu haɗe-haɗen da giya ake jiƙa su, wasu da sassan alade, ɗalibi ya tambaya tun kafin ya ɗanɗana.

Fatake kuma su san wannan. Akwai wani magani mai tsada da suke kira ejiyawo, da fatar jaki ake dafa shi. Shi ne ya sa dillalai suka bi kasuwanninmu suna saye jakuna har kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi da mai ɗibar ruwa. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma a 2024 ta amince a daina yanka su domin fata. Wanda dillali ya zo masa da wannan ciniki ya duba dokar ƙasarsa kafin ya karɓi kafin alƙalami.