Gasar jan nauyi a Amurka: Inda a-kori-kura ke ɗaga kai sama tana ja da tayoyi biyu

A watan Agusta, dubban mutane kan cika filin baje kolin amfanin gona na gundumar Wood da ke garin Bowling Green a jihar Ohio ta Amurka, domin kallon wata gasar motoci da babu ruwanta da wanda ya riga wani isowa. Abin da ake aunawa shi ne nisan da mota za ta iya jan kaya kafin ƙarfinta ya ƙare.

Motar kan shigo fili da baya-da-baya har ta iso gaban wata doguwar tirela. Ma'aikaci ya maƙala ƙugiyar sarƙa a bayanta, direba ya ɗan matsa gaba har sarƙar ta miƙe, sannan mai tuta ya ɗaga kore. Da an taka totur sai tayoyin baya su fara watsa ƙasa, tayoyin gaba su rabu da ƙasa, motar ta tafi kai a sama tana ruri. Kafin a cika rabin minti an gama, tirelar ta tsayar da ita.

Ana shiga gasar da taraktoci da manyan motoci da ƙananan motocin ɗaukar kaya masu buɗaɗɗen baya, irin waɗanda aka sani da a-kori-kura. A cikinsu akwai rukunin da ƙafa biyu kawai yake ja da su, wato motocin da ƙarfin injinsu ke zuwa tayoyin baya kaɗai. A wannan rukunin, wanda ya iya raba nauyi tsakanin gaban motarsa da bayanta yakan doke wanda ya fi shi ƙarfin inji.

Daga dawaki zuwa injuna

Gasar ta samo asali ne daga gardamar manoma kan dokin wa ya fi ƙarfi. Tun a ƙarni na 19 manoman Amurka kan ɗaura wa dawakinsu faffaɗan katako su ja a ƙasa, ana ƙara masa nauyi har sai dokin ya kasa. Da tarakta ta karɓi aikin doki a gona, sai gardamar ta koma kanta. An yi gasannin farko na taraktoci a jihohin Missouri da Ohio a 1929.

Shekaru da dama kowane gari da nasa dokokin. A 1969 ne wakilai daga jihohi takwas suka kafa ƙungiyar masu wannan gasa ta ƙasa, wadda ake kira NTPA, domin a samu doka ɗaya. Babbar gasar Bowling Green ta fara ne a 1967, akwai kuma wata da ake yi cikin rufaffen zaure a birnin Louisville na jihar Kentucky a watan Fabrairu, lokacin baje kolin injunan noma na ƙasar.

Motocin a-kori-kura sun shigo daga baya. An buɗe rukunin masu ja da tayoyi huɗu a 1976, sannan na masu ja da tayoyi biyu ya biyo a 1983. Yanzu wasan ya ƙetara zuwa Turai, musamman Holan, da kuma Ostireliya.

Tirelar da aka ƙera don ta ci nasara

Duk sirrin gasar yana jikin abin da ake ja. A da, mutane kan jeru a gefen fili, idan katakon ya zo wucewa sai su riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, nauyi na ƙaruwa. Yanzu wata tirela ta musamman ce ke wannan aikin.

Tirelar tana da tayoyi a baya, amma a gaba wani faffaɗan farantin ƙarfe ne ke goga ƙasa. A samanta akwai akwati cike da ƙarafa masu nauyi. Lokacin tashi, akwatin yana can baya a kan tayoyi, don haka jan yana da sauƙi. Da tirelar ta fara tafiya sai akwatin ya riƙa gangarowa gaba a hankali, nauyinsa na komawa kan farantin. Kowane taku da mota ta ci, farantin na ƙara nutsewa a ƙasa yana tara tulin ƙasa a gabansa. Manyan tirelolin kan kai kusan tan 29 idan an cika su, kuma ana rage nauyin ko a ƙara gwargwadon rukunin da ke ja.

Tsawon filin a al'ada ƙafa 300 ne, kimanin mita 91. Wanda ya kai ƙarshe ya yi abin da suke kira cikakken ja. Idan mutum biyu ko fiye suka kai, sai a ƙara wa tirelar nauyi ko a sa akwatin ya riƙa saurin isowa gaba, su sake karawa. Ana auna nisan da na'ura, kuma sau da yawa inci kaɗan ne ke raba na ɗaya da na biyu.

Me ya sa tayoyi biyu suka fi wuya?

Duk direban da ya taɓa kafewa a laka ko rairayi da a-kori-kura babu kaya ya san matsalar. Injin yana gaba, baya babu nauyi, sai tayoyi su yi ta wulwulawa a wuri ɗaya. Da mutane sun hau baya sai ta kama ƙasa ta fita. Taya ba ta ja sai da nauyin da ke danne ta.

Mota mai ja da tayoyi huɗu tana cin moriyar duk nauyinta, na gaba da na baya. Mai ja da biyu kuwa, duk kilon da ya zauna a kan tayoyin gaba ya tafi a banza, domin ba sa ja. Burin direba shi ne ya mayar da nauyin motar kaf kan tayoyin baya a lokacin da ake ja.

Sarƙar ce ke taimaka masa. Ana maƙala ta ƙasa-ƙasa a jikin tirela, sai ta hau sama zuwa maƙalin da ke bayan mota. Idan ja ya yi tsanani, sarƙar na danne bayan motar ƙasa, gaban kuma ya yi sama. Shi ya sa tsayin maƙalin ke da doka mai tsauri, kuma ana auna shi kafin a shiga fili. A manyan gasanni, masu tayoyi biyu kan samu izinin inci 30 daga ƙasa, masu tayoyi huɗu kuma inci 26.

Sai dai ɗaga kan yana da iyaka. Idan gaban ya yi nauyi da yawa ya ƙi tashi, tayoyin baya za su yi ta haƙa rami babu ci gaba. Idan kuma ya yi sama fiye da kima, maƙalin da ke baya zai yi ƙasa, dannawar da sarƙar ke yi ta ragu, motar ta koma kan ƙarafan da aka sa mata a baya don kada ta kifa. Abin da ake nema shi ne tayoyin gaba su ɗan rabu da ƙasa su tsaya a haka har ƙarshen fili. Kafin a kira su, direbobi kan taka filin da ƙafa su duba damshinsa, sannan su koma su matsar da ƙarafan nauyi gaba ko baya.

Akwai kuma batun sitiyari. Tayoyin da ke sama ba sa juya mota. Saboda haka motocin wannan rukuni suna da birki daban-daban a tayoyin baya: direba ya ɗan taɓa na hagu idan yana so ta karkata hagu, na dama idan dama. Kowace taɓawa tana cinye masa nisa, amma idan motar ta taka layin gefen fili an fitar da shi gaba ɗaya.

A-kori-kura a suna kawai

Motocin da ke manyan gasanni ba su da alaƙa sosai da waɗanda ake gani a titi. Bodinsu na iya kama da Ford ko Chevrolet ko Dodge, amma yawanci ɓawo ne marar nauyi da ake ɗagawa gaba ɗaya a ga injin, an ɗora shi a kan firam ɗin da aka ƙera don gasar.

A dokar NTPA, nauyin motar tare da direba ba ya wuce fam 6,200, kimanin kilo 2,800. Injin mai silinda takwas ne, girmansa har lita 9.4, da na'urar cusa iska a samansa, kuma yana shan sinadarin metanol maimakon fetur. Ƙarfinsa kan haura doki 2,500. Idan za a kwatanta, Hilux da ke yawo a titi tana tsakanin doki 150 zuwa 200 da 'yan kai.

Duk wannan ƙarfi ta tayoyi biyu masu faɗi zai bi ya isa ƙasa. Masu motocin kan sassaƙe haƙoran tayoyin da kansu don su dace da ƙasar da za su ja a kai. Filin ma ba ya zama yadda yake: ana kafta shi, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, kuma bayan kowane ja sai an sake baje shi. Wanda ƙuri'a ta ba shi shiga da wuri da wanda ya shiga a ƙarshe ba ƙasa ɗaya suke takawa ba.

Mai motar zuwa aiki

Nesa da manyan filayen, kusan kowane bikin baje kolin gunduma a yankunan noma na Amurka yana da daren jan nauyi, kuma akan ware rukuni ga motocin da ake hawa yau da kullum. Mutum ya tuƙo motarsa daga gida, ya biya kuɗin shiga, a auna nauyinta da tsayin maƙalinta, ya shiga layi. Dokokin sun bambanta daga gari zuwa gari, amma galibi ana buƙatar tayoyin titi da cikakkun takardun mota.

A nan mai tayoyi biyu ya fi shan wuya. Wasu wuraren suna ware masa rukuninsa, wasu kuma su haɗa shi da masu tayoyi huɗu, inda da wuya ya kai labari. Matsalarsa kishiyar ta manyan motocin gasa ce: gabansa ya yi nauyi, bayansa fayau. Idan doka ta yarda, sai ya ɗaure ƙarafa a bayan motar, ya rage iskar taya don ta ƙara shimfiɗuwa, ya tokare sifirin ɗin baya don kada motar ta durƙusa maƙalin ya yi ƙasa. Yana kuma buƙatar tayoyin baya su riƙa juyawa tare, domin a motar da ba a gyara ba, da taya ɗaya ta zame sai ƙarfin ya tafi wajenta, ɗayar ta tsaya.

Sai zaɓin giya. Mai sauri da yawa za ta shaƙe injin idan nauyi ya sauko kan faranti, mai jinkiri da yawa kuma ba za ta ba motar zafin tafiyar da zai kai ta nesa ba.

Babban abin tsoro shi ne tsalle. Wani lokacin tayoyin baya kan kama ƙasa su saki, su kama su saki, har bayan motar ya fara daka. Idan direba bai ɗaga ƙafa daga totur nan take ba, abin da kan biyo baya shi ne karyewar farfela, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin injin zuwa baya, ko kuma haƙoran giyar baya su zube. Ɗaga ƙafar na nufin ya haƙura da gasar a gaban 'yan garinsu. Ƙin ɗagawa na iya nufin janwe ce za ta kai motar gida.

Asarar kuma tasa ce shi kaɗai. Garantin kamfanin mota ba ya ɗaukar ɓarnar da aka yi a wajen gasa, inshorar yau da kullum ma galibi haka. Kyautar da ake bayarwa a ƙananan gasanni sau da yawa ba ta kai kuɗin gyara ɗaya ba, ga shi motar da aka karya daren Asabar ita ce za ta kai mai ita wurin aiki ranar Litinin.

Tsaro kafin komai

Ƙarfe mai juyawa da irin wannan ƙarfi idan ya tarwatse yana iya kaiwa ga 'yan kallo, don haka dokokin tsaro suna da yawa. Ana zagaye farfela da zobban ƙarfe don kada ta yi tsalle idan ta karye, ana lulluɓe kuloci da garkuwa, direbobin manyan rukunoni kuma suna sa hular kwano da kayan da wuta ba ta ci. Akwai wata igiya da ke haɗa makashin injin motar da tirelar: idan sarƙa ta kuɓuce, igiyar za ta fizge ta kashe injin kafin motar ta ruga cikin jama'a. Mai sarrafa tirelar, wanda ke zaune a bayanta, shi ma yana iya fizge igiyar idan ya ga abin zai ɓaci.

Da zarar motar ta daina gaba, mai tuta zai ɗaga ja, kuma dole direba ya tsaya nan take. Sai a cire ƙugiya, a sanar da nisan da ya ci, akwatin nauyi ya koma baya, a mayar da tirelar bakin layi. Taraktocin gyaran fili su bi su cike ramukan da tayoyinsa biyu suka haƙa, mota ta gaba ta fara shigowa da baya-da-baya.