Ɓeran Masar da Dalilin Tsoronsa

A cikin ƙananan dabbobin da mutane su ke kiwo a gida don sha'awa, da wuya a sami wanda ya fi ɓeran Masar lafiya. Ba ya faɗa, ba ya ɓarna, kuma ba safai ya kan ciji mutum ba. Amma akwai hali guda da ya ke ba masu kiwonsa haushi, watau tsoro. Mutum ya saye shi da kuɗinsa, ya gina masa ɗaki, ya riƙa kai masa ciyawa safe da yamma, amma da ya miƙa hannu sai dabban ya zabura ya ɓuya, sai ka ce ya ga mahauci. Yara su kan ce ba ya ƙaunarsu, su dinga binsa suna kamawa da ƙarfi. To, wannan kuskure ne babba, gama tsoro in ya yi yawa ya kan hana shi cin abinci, rashin ci kuwa ya kan kashe shi cikin kwanaki kaɗan. Saboda haka ya kamata mu san inda tsoron nan ya samo asali, sa'an nan mu san maganinsa.

Asalinsa

Ko da ya ke muna kiransa ɓeran Masar, ba daga Masar ya fito ba. Al'adar Hausawa ce su jingina baƙon abu ga Masar, kamar yadda su ka yi wa masara da gwandar Masar, alhali dukansu daga Amurka su ke. Ingilishi ma sun yi irin wannan, don sunan da su ka ba shi ma'anarsa aladen Gini, shi kuwa ba alade ba ne, bai kuma san Gini ba. Ainihin ƙasarsa ita ce duwatsun Andis na Amurka ta Kudu, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado. Mutanen can sun fi shekara 3,000 suna kiwonsa domin nama, suna barinsa yana yawo cikin ɗakin girki. Bayan da mutanen Sifen su ka shiga Peru a shekarar 1532, sai 'yan kasuwa su ka kai shi Turai, daga nan ya bazu cikin duniya.

Har yanzu 'yan'uwansa na daji suna can, suna zaune cikin ciyayi, sun yi 'yan hanyoyi a ƙarƙashinsu. Abokan gabansu kuwa ba su ƙidayuwa: shaho daga sama, maciji daga ƙasa, ga kyanwar daji, ga wani irin dila. Dubi jikin dabban nan ka ga abin da zai kare kansa da shi. Nauyinsa bai fi kilo 1 ba, ko ya ɗara kaɗan, tsawonsa kamar inci 10. Ƙafafunsa gajeru ne, bai iya hawan itace ba, bai iya tsalle mai nisa ba, ba shi da ƙaho, ba shi da dafi. Makaminsa biyu ne kurum, ya daskare, ko ya gudu. Wanda ya tsaya dubawa a cikinsu, shi shaho ya kan ɗauka. Waɗanda su ka fi saurin firgita su ne su ka rayu su ka hayayyafa, ɓeran da ke ɗakinka kuwa jikansu ne.

Yadda ya ke gani da ji

Idanunsa a gefen kai su ke, don haka yana ganin gabansa da gefensa da kusan bayansa duka ba tare da ya juya ba. Amma bai iya gwada nisan abu sosai ba. Motsi ya ke gani tun kafin ya gane mai motsin. In ka tsaya a kansa ka sauko da hannu daga sama, abin da ya gani inuwa ce mai faɗowa, a wurinsa kuwa inuwa mai faɗowa shaho ce.

Kunnensa ya fi namu nesa ba kusa ba. Akwai siraran sautuka da mutum ba ya ji sam, shi kuwa yana jinsu sarai. Don haka buga ƙofa, da ƙarar rediyo, da ihun yara, sun fi damunsa bisa yadda mu ke zato. Zuciyarsa tana bugawa wajen sau 250 a minti guda ko yana kwance, ta mutum kuwa kamar sau 70. Barcinsa ma guntu-guntu ne, 'yan mintoci kaɗan dare da rana, sau da yawa ido buɗe. Ko 'ya'yansa da shirin gudu a ke haifarsu: bayan ciki na kwana 59 zuwa 72 su kan fito da gashinsu da haƙoransu, idanu a buɗe, su kama tafiya a ranar da aka haife su.

Alamun tsoro da alamun jin daɗi

Mai kiwo ya wajaba ya koyi karanta dabbarsa. In ya ji wani abu ya tsaya cik, ido ya fito, ba ya ko ƙiftawa, wannan daskarewa ce ta tsoro. Nan ne mutane da yawa su ke ruɗuwa. Su ɗauke shi, ya lafe a hannunsu shiru, su ce ya saba, alhali tsoro ne ya ɗaure shi. In yana kaɗa haƙora suna ƙas-ƙas, fushi ya ke, yana cewa a ja da baya. In ya yi ƙara mai tsini, ya ji ciwo ko ya razana ƙwarai.

Alamun jin daɗi kuwa ba su ɓoyuwa. Ya kan yi fito mai ƙarfi sa'ad da ya ji motsin mai kawo abinci. Ya kan miƙe ƙafafu ya kwanta a fili, ya ci abinci a gabanka, ko ya lumshe ido. Ƙanana su kan yi ta tsalle suna murɗa jiki a sama kamar gugguru cikin kasko, wanda bai sani ba sai ya ce farfaɗiya ce, nan kuwa murna ce.

Maɓoya

Maganin farko shi ne wurin ɓuya. Waɗansu su kan cire maɓoya daga ɗakin wai don dabban ya saba da ganin mutane dole. Wannan ba ya ƙara masa kome sai firgita. Wanda ya san yana da wurin gudu kusa, shi ne ya kan yi ƙarfin halin fitowa fili. A sa masa akwatin katako ko kwali, a huda masa ƙofa biyu, don kada ya ga an rutsa shi. Kowane ɗaya da nasa, a ƙara guda. A tara busasshiyar ciyawa da yawa, ya ci, ya kuma kutsa ciki.

Ɗakin guda biyu kada ya gaza ƙafa 4 a tsawo, ƙafa 2 a faɗi, in ya fi haka ya fi kyau. Kada a yi daɓensa da ragar waya, don tana ji musu ciwo a tafin ƙafa. A ajiye shi jikin bango, inda kyanwa da kare ba su kaiwa, a rufe samansa in a waje ya ke, saboda shirwa.

Aboki

Magani na biyu shi ne ɗan'uwa. A daji ƙungiya-ƙungiya su ke zama, ido da yawa suna tsaro, kowa ya sami damar kiwo. Wanda aka ajiye shi kaɗai, tsaron duka a kansa ya ke, ba ya hutawa. Masana a Jami'ar Munsta ta ƙasar Jamus sun auna jinin waɗannan dabbobi, su ka ga in an kai ɗaya baƙon wuri tare da wanda ya shaƙu da shi, sinadarin firgita ba ya hawa kamar in an kai shi shi kaɗai. A ƙasar Suwizalan ma tun shekarar 2008 doka ta hana ajiye ɓeran Masar guda ɗaya tak. Mata biyu su kan zauna lafiya, haka maza biyu da su ka tashi tare. In an haɗa namiji da mace kuwa, sai a shirya wa 'ya'ya. Kada a haɗa shi da zomo, gama zomo ya kan shure shi, ya kan kuma sa masa ciwon huhu.

Yadda a ke sabawa da shi

Sannu ba ta hana zuwa. Sa'ad da ka kawo shi gida, ka bar shi kwana uku ko huɗu, kada ka taɓa shi, ka dai sa abinci da ruwa. Ka riƙa zuwa a lokaci guda kullum, kana magana a hankali tun daga nesa, don ya san muryarka. Ka zauna a ƙasa, kada ka tsaya a kansa. Ka miƙa masa ɗan yankin tattasai ko karas ta gefe, ka bar hannunka nan, kada ka bi shi. Yau ya ƙi, gobe ya shinshina, jibi ya fizga ya gudu, wata rana sai ya tsaya ya ci a hannunka. Wani cikin mako biyu ya kan saba, wani sai an yi watanni.

In za ka ɗauke shi, ka sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗayan ya tallabe bayansa, ka jawo shi jikinka. In yana gudu, ka bari ya shiga kwali, ka ɗauki kwalin. Minti 10 ko 15 ya isa. Yaro kada ya ɗauke shi sai yana zaune a ƙasa, domin faɗuwa daga hannun mai tsayuwa ta kan karya masa ƙafa ko gadon baya. Kada kuma ka ji haushi in bayan shekara guda har yanzu yana zabura sa'ad da ka kai hannu. Halittarsa ke nan, ba ƙiyayya ba ce.

Tsoro ko ciwo

Dabbar da a ke farauta ta kan ɓoye ciwonta, don mai rauni a ke fara kamawa. Saboda haka in wanda ya saba fitowa ya koma ɓuya kullum, ko ya yi ƙara in an taɓa shi, a binciki lafiyarsa. Jikinsa, kamar na mutum, ba ya yin bitamin C da kansa. Likitoci biyu na ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, su su ka nuna a shekarar 1907 cewa ya kan kamu da cutar nan mai kumbura dasashi da gaɓoɓi in ya rasa ɗanyen abinci. A ba shi ɗanyen ganye da tattasai kullum.

Zafi ma abokin gabansa ne, don ɗan ƙasar tuddai ne mai sanyi. Abin da ya fi masa daɗi digiri 18 zuwa 24, in ya kai 30 yana cikin haɗari. Mai kiwonsa a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, inda zafin bazara ya kan wuce digiri 40, ya nema masa ɗaki mafi sanyi, ya sa tulun ruwa a ciki ya jingina da shi. In ya yini bai ci kome ba, a kai shi wurin likitan dabbobi ran nan, kada a kwana. Kada kuma a ba shi maganin mutane, musamman fenisilin, gama ya kan kashe shi.

In an kiyaye waɗannan, ɓeran Masar ya kan yi shekara 5 zuwa 7 a gida. Tsoronsa ba zai fita duka ba, amma zai san muryar mai shi, ya fito bakin ɗaki yana fito in ya ji tafiyarsa.