Kaka da jika: Wasan da bai kamata kasuwa ta cinye ba

A ƙasar Hausa babu abokan wasa irin kaka da jika. Tsohuwa kan kira jikanta namiji maigida, ta ce ya bar ta babu cefane, jikanya mace kuwa kishiya ce da ta zo ƙwace mata miji, yayin da tsoho kan kira jikanyarsa amarya, ya riƙa yi wa jikansa namiji barazanar kada ya kuskura ya matso kusa da matarsa. Maganar da yaro ba zai iya ɗaga ido ya faɗa wa mahaifinsa ba, sai ya zauna a kan ƙafar kakansa ya faɗe ta, a yi dariya. Wannan ne ma ya sa idan lokacin yaye ya yi ake kai yaro ɗakin kakarsa, kuma ɗan fari, wanda iyaye ke yi wa alkunya, galibi a hannun kakanni yake samun sakewa. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na ƙasar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma idan aka duba za a ga cewa a tsakar gida, a wajen kaka, yaro yake fara koyon irin wannan wasa.

Sai dai a garuruwanmu na bakin iyaka sha'anin neman abinci ya sa wannan zumunci ya soma ja da baya. Ɗan kasuwa yana Illela ranar Lahadi, yana Maraɗi ranar Litinin, Alhamis kuma ya nufi Maigatari, in ya dawo gida a gajiye ba abin da ke gabansa sai lissafi. Da yawa sun kwaso iyali sun dawo gari, tsofaffi suna can ƙauye, wani lokaci ma a ɗaya ɓangaren iyakar. Mai karatu bai manta ba, Nijeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. An yi ta maganar asarar albasa da tumatir da dabbobi, amma ba a cika maganar tsofaffin da suka yi wata da watanni ba su sa jikokinsu a ido ba, wasu har rai ya yi halinsa. Ga wasu abubuwa da kaka da jika za su yi tare, waɗanda yawancinsu ba sa cin ko dala.

Tatsuniya da kacici-kacici

Na farko shi ne hirar dare. Bayan an ci tuwo a shimfiɗa tabarma, a ajiye waya a ɗaki, tsohuwa ta buɗe da ga ta nan ga ta nanku, a saurari yadda wayon Gizo ke kai shi ya baro, da haƙurin Ƙoƙi, da kwaɗayin Kura. Yaron da ya saba sauraren tatsuniya yana koyon jera magana daga farko zuwa ƙarshe, yana kuma tsintar kalmomin da ba zai ji a makaranta ba. Zai fi armashi idan kaka ta gama ta ce wa jikan shi ma ya kawo tasa, ko da ƙirƙira zai yi. Haka kacici-kacici, inda wanda ya kasa amsa zai ba da gari, to a nan sai a riƙa ba da Ƙonni da Jibiya da Gaya da Matamaye, yaro ya san sunayen garuruwan da mahaifinsa ke zuwa. Inda tsoho ya yi boko, ko jikan ya iya karatu, littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya da Magana Jari Ce na Abubakar Imam sun isa hirar wata guda, jika yana karantawa kaka yana gyara masa.

Lissafin da ba ya cikin littafin makaranta

Kasancewar yawancin masu karanta wannan shafi 'yan kasuwa ne, kuma da dama 'ya'yan fatake ne, akwai wasan da ya dace da gidajensu, wato wasan kasuwa. A samo murafun kwalba da tsakuwa da 'ya'yan goriba a kasa, jika ya zama mai kaya, kaka ta zo taye tana ƙorafin tsada. A cikin raha yaro zai iya sallama da albarka, ya iya ba da canji, ya gane cewa dala ɗaya tana daidai da faran 5 na sefa, dala 200 kuwa su ne jikka guda, har tsoho ya samu abin tsokana ya ce jikkar aljihunsa ta fi masa jikan da ke cinye masa fura.

Daga nan sai labarin kuɗin da. Wanda ya haura shekara 65 a ɓangaren Nijeriya ya riƙe fam da sule kafin naira ta fito ranar 1 ga Janairu 1973, ya san kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, sisi kwabo 6, taro kwabo 3. 'Yan kasuwar Nijar kuma ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Idan akwai tsohon kwabo mai huda a ƙasan adaka, a fito da shi yaro ya taɓa. Daga kwabon nan hira za ta gangara zuwa ayarin jakuna da madugu da zango, da yadda kakannin kakanni suka riƙa tafiya Gwanja sayen goro, har a zo kan yunwar 1984 wadda mutanen Nijar suka sa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar da aka yi a wancan lokaci. Yaron da ya ji yadda gidansu ya tsallake irin wannan shekara ba zai ɗauki hatsi abin wasa ba.

Dara, kara da mazari

Dara ba ta bukatar komai sai ƙasa mai laushi. A haƙa gurabe 30, layi 5 mai gurbi shida-shida, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa, duk wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokinsa. Wasa ne da tsoho mai ciwon gwiwa zai yi a zaune a gindin bishiya, kuma yana koya wa yaro haƙuri da hangen abin da zai biyo baya. Bayan girbi ga kara ko'ina, sai tsoho ya nuna wa jika yadda ake fere shi a haɗa mota ko tabarau, ko yadda ake tufkar igiya da kaba. 'Yan mata kuma ga carafke, ga kaɗi da mazari, ga saƙar faifai, ga murza ƙuli-ƙuli da kwaɗon zogale. Kada a damu idan faifan farko ya fito a karkace, a rataye shi a ɗaki yarinya ta riƙa nuna wa baƙi.

Gona ma wurin hira ce. Tsoho ya riƙe hannun jika su zaga, yana faɗa masa wannan sabara ce, wannan kalgo, wannan aduwa, wancan kuma gawo ne da ke zubar da ganye da damina ya tsiro da rani, shi ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa. In da hali su dasa mangwaro ko darbejiya tare a kira ta da sunan yaron, ban ruwanta ya zama aikinsu su biyu.

Lokutan shekara

Watan azumi na zuwa da tashe, kuma babu wanda ya fi kaka sanin yadda ake shirya jika da gemun auduga da tsumma. Da Sallah a fara kai yara gaida kakanni kafin yawon gari, inda ake hawa kuma a tafi kallo tare, tsoho yana nuna musu wane ne wane a cikin mahaya. Haka lokacin kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, kaka da jika kan zauna gaban rediyo ko talabijin kowa da jihar da yake goya wa baya, a sha musu har a tashi.

Abin da ya rage ga iyaye

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, tsofaffi kuwa 'yan kaɗan ne, ke nan kowane tsoho guda yana da tarin yaran da ke bukatar abin da ke kansa. Yaranmu suna karatu da Faransanci a wannan ɓangare, da Ingilishi a wancan, kuma ko da yake a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Hausar da ke da karin magana da sunayen itatuwa da na dangi tana bakin kakanni.

Don haka ɗan kasuwa ya ware rana guda a wata, wadda ba ta kasuwa ba, ya kai yara ƙauye, lokacin hutu kuma a bar su su kwana biyu. Idan hanya ta yi nisa ko babu tsaro, wayar nan da ake tambayar farashin wake da ita za ta iya ɗaukar muryar tsohuwa tana tatsuniya a turo wa jikoki ta WhatsApp, su ma su mayar mata da tasu. A sa babban jika ya zauna da kakansa ya rubuta sunayen iyaye da kakanni da garuruwan da suka fito, domin yawancin gidajen bakin iyaka suna da dangi a ɓangarorin biyu, kuma idan tsoho ya tafi da wannan sani, nan da 'yan shekaru taubasai za su haɗu a kasuwa su yi ciniki ba su san juna ba.

A kuma kiyaye abu biyu. Kada a mayar da tsohuwa 'yar raino, a jibge mata yara biyar babu hatsi babu kuɗin magani, sannan a ce ana sada zumunci. Kada kuma ziyarar kaka ta zama hanyar ɗora wa yaro talla ko raba shi da makaranta. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take, saboda haka wanda Allah ya bar masa tsoho a raye, ranar kasuwa mai zuwa ya sayi goro da sabulu, ya sa yara a gaba su je su gaishe shi. Allah ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, ya raya mana zuriya.