Gwajin DNA: Shaidar da Ba Ta Rantsuwa

A shekarar 1985 wata mata 'yar asalin Gana da ke zaune a Landan tana cikin tsaka mai wuya da jami'an shige da fice na Ingila. A can ta haifi ɗanta, ya je Gana ya zauna wani lokaci, da ya dawo sai jami'ai suka ce atafau ba shi ba ne, ƙila ɗan wata 'yar'uwarta ne aka turo da fasfonsa. Gwajin rukunin jini ya nuna akwai dangantaka, amma ya kasa raba uwa da ƙanwar uwa. Uban kuma ba ya kusa balle a gwada shi. Sai lauyar iyalin ta nemi taimakon Alec Jeffreys, malami a Jami'ar Leicester, garin nan da masu kallon ƙwallo suka sani. Watanni kaɗan kafin nan, ran 10 ga Satumba 1984, Jeffreys ya gano a ɗakin bincikensa cewa kowane mutum na ɗauke da wata alama tasa shi kaɗai a cikin ƙwayoyin halittarsa. Ya gwada jinin yaron da na uwar da na 'yan'uwansa uku, sakamako ya nuna ɗanta ne na cikinta, gwamnati ta janye ƙararta. Wannan ce shari'ar farko a duniya da gwajin DNA ya warware, kuma abin da ya yi a cikinta shi ne haɗa uwa da ɗanta.

Yadda abin ke aiki ba shi da sarƙaƙiya kamar yadda ake zato. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kusan kowace tana ɗauke da wani dogon zare mai suna DNA, a naɗe cikin ƙunshi 46: 23 daga uwa, 23 daga uba. Wajen kashi 99.9 cikin 100 na abin da ke jikin zaren iri ɗaya ne a wajen kowa, Bahaushe ne ko Basine. A ɗan ragowar nan akwai wuraren da wani gajeren rubutu ke maimaita kansa, a wajen wani sau 9, a wajen wani sau 14. Wannan maimaicin ake ƙirgawa, kamar yadda a da ake ƙirga tsagar fuska a san daga wane gida mutum ya fito. A kowane wuri mutum na da lamba biyu, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba.

Mu ce a wuri na farko yaro na da 11 da 14, uwarsa na da 11 da 12. Ke nan 11 daga gare ta ya samo, 14 kuwa dole daga ubansa. Namijin da ke da 9 da 10 a nan ya fita daga lissafi. Mai 14 da 16 yana iya zama uban, sai dai maza masu 14 suna da yawa a gari, don haka ake duba wurare da dama. Hukumar FBI ta Amurka ta daɗe tana amfani da wurare 13, a 2017 ta mayar da su 20. Idan mutum ya dace da yaro a dukkansu, za a rubuta masa kashi 99.99 ko sama da haka. Ba a rubuta ɗari cif, saboda lissafin yiwuwa ne. Haka kuma ba a korar mutum don ya saɓa a wuri ɗaya tak, tunda wani lokaci lamba kan ɗan sauya yayin da take wucewa daga uba zuwa ɗa.

Mutane da yawa na rikita wannan da gwajin sikila da ake yi kafin aure, na AA da AS da SS, ko da gwajin rukunin jini. Waɗancan kan iya nuna cewa da wuya wane ya haifi wane, amma ba su isa su tabbatar da uba ba. Shi gwajin DNA ma ba lalle sai an ɗebi jini ba, auduga ake gogawa a cikin kumatu. A ƙasa irin tamu da auren zumunci ya yi yawa, akwai abin lura: idan mutum biyun da ake taƙaddama a kansu wa da ƙani ne, wajibi ne a gaya wa masu gwajin tun farko don su ƙara yawan wuraren da za su duba. Tagwaye masu kama ɗaya kuwa, gwajin da aka saba yi ba ya raba su.

Shigar DNA harkar 'yan sanda ma a yankin Leicester ta faru. A 1983 an yi wa wata yarinya 'yar shekara 15 fyaɗe aka kashe ta a ƙauyen Narborough. A 1986 aka sake yi wa wata sa'arta haka a kusa da wurin. 'Yan sanda suka kama wani saurayi ɗan shekara 17, ya amsa laifin kisa na biyu da bakinsa, amma ya ƙi amsa na farko. Suka kai wa Jeffreys samfuri don ya ɗaure musu shi da duka biyun. Abin da ya fito ya girgiza su: mutum ɗaya ne ya yi aika-aikar biyu, kuma ba wannan saurayin ba ne. Aka sake shi. Daga nan aka bi ƙauyukan yankin ana karɓar jini da yawun maza, aka gwada wajen mutum 5,000, ba a samu kowa ba. Ashe mai laifin, wani ma'aikacin gidan burodi mai suna Colin Pitchfork, ya lallaɓi abokin aikinsa ya je ya ba da jini da sunansa. Bakin abokin ne ya tona asirin, ya yi suɓutar baki a wata mashaya, wata mata ta ji ta kai rahoto. Aka kama Pitchfork a Satumba 1987, jininsa ya dace, a Janairu 1988 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

A duba wannan labari da kyau. Mutumin farko da DNA ya yi wa aiki a shari'ar kisa wanke shi ya yi, bayan ya riga ya ce shi ne. Duk wanda ya san yadda ake samo "na amsa laifina" a bayan kanta a ƙasashenmu ya san nauyin wannan magana. A Amurka, ƙungiyar Innocence Project da lauyoyi biyu, Barry Scheck da Peter Neufeld, suka kafa a 1992, tare da wasu irinta, sun sa an saki ɗaruruwan mutane da aka ɗaure kan laifin da ba su ji ba ba su gani ba.

Amma fa na'ura abin da aka ba ta shi take karantawa. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da aka riƙa samun DNA ɗinta a wurare kusan 40 da aka yi ta'asa, a Jamus da Austriya da Faransa, daga fasa shago har kisan wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. Aka sa ladan kuɗi mai tsoka ga duk wanda ya tona inda take. Sai a 2009 aka gano babu wata 'yar ta'adda. DNA ɗin na wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ke haɗa audugar da 'yan sandan ke ɗaukar samfuri da ita. Idan haka ta faru a Jamus, sai mu yi tunanin wurin da aka yi kisa a unguwarmu, inda kafin jami'ai su iso mutum hamsin sun shiga ɗakin, wani ya ɗaga wuƙar ya duba, wata ta share jinin don tausayi. Gwajin na iya cewa wannan gumin na wane ne. Yadda aka yi ya zo wurin, da lokacin da ya zo, wannan aikin mai bincike ne da alƙali.

To, sai batun da ya fi tayar da ƙura a wajenmu, wato gwajin uba. Ana yawan yaɗa alƙaluman wasu ɗakunan gwaji na Legas da ke cewa kusan ɗaya cikin huɗu na mazan da aka gwada ba su ne iyayen yaran ba. Daga nan sai ka ji ana cewa rubu'in 'ya'yan Nijeriya ba na ubanninsu ba ne. Wannan lissafin dokin rano ne. Wa ke cire maƙudan kuɗi ya je gwaji? Galibi wanda zargi ya riga ya cika masa ciki. A cikin waɗannan masu zargin ma, uku cikin huɗu sun koma gida da takardar da ta ce yaron nasu ne. Binciken da aka yi a kan jama'a gaba ɗaya a wasu ƙasashen Turai ya samu kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100. Ɗaukar alƙaluman masu zargi a shafa wa matan ƙasa baki ɗaya ƙazafi ne, ko da an yi shi da kwamfuta.

Mafarin zargin sau da yawa shi ne "yaron nan bai yi kama da ni ba". Kama kuwa ba ta da alƙawari. Yaro kan tsallake uwa da uba ya ɗauko hasken kakarsa ko tsawon wani kakan kaka da ba wanda ya taɓa gani. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) da damuwar cewa matarsa ta haifi yaro baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, da ko akan samu mai wani launi dabam a cikinsu. Ya ce akan samu, kuma da kansa ya danganta abin da gado daga kakanni. Aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, ba a ba shi izinin kore shi ba.

A shari'ar Musulunci, yaron da aka haifa bayan wata shida ko fiye da fara zaman aure ɗan mijin ne. Hanyar kore shi ita ce li'ani a gaban alƙali, kamar yadda ya zo a Suratun Nur: rantsuwa huɗu, ta biyar miji ya kira wa kansa la'ana in ƙarya yake, matar ma ta yi nata, auren ya mutu har abada. A mazhabar Malikiyya, wanda ya san da cikin ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ba zai dawo daga baya ya ce ba nasa ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 2002 kan DNA. Ta hana a yi amfani da shi wajen kore nasabar da ta riga ta tabbata, ko a fifita shi a kan li'ani. Ta yarda da shi a binciken laifuffukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, da inda aka yi musayar jarirai a asibiti, da yaran da suka ɓace a yaƙi ko bala'i, da taƙaddama kan yaron da ba a san asalinsa ba. Dokar Nijeriya ma ba ta yi nisa da haka ba. Sashe na 165 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗauki yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren, a matsayin ɗan mijin, sai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba kotu ikon ba da umarnin gwaji idan akwai buƙata. Faransa kuwa ta tsananta ƙwarai: yin gwajin uba ba da umarnin kotu ba laifi ne da kan iya jawo ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 15,000.

A ganina waɗannan dokoki sun yi daidai. Mutumin da ya saci gashin ɗansa ko buroshinsa ya kai gwaji a ɓoye, ya sa rayuwar yaro a caca bisa samfurin da ba wanda ya shaida daga ina ya fito. In an yi kuskure, tambarin "shege" ya riga ya hau kan yaron, kuma a ƙasar Hausa wannan kalma ba ta goguwa: za ta bi shi makaranta, ta bi shi wajen neman aure, ta tsaya masa ranar rabon gado. Wanda ke da hujja ta gaske, ƙofar alƙali a buɗe take.

Inda muke da matsananciyar buƙatar DNA kuwa, nan ne muka fi sakaci. A Oktoba 2019 'yan sanda suka gano yaran Kano tara a Onitsha, an sace su an canza musu suna, wasu sun yi shekaru a can. Yaron da aka ɗauke yana ɗan shekara biyu, bayan shekara biyar ba zai tuna sunan unguwarsu ba, kuma iyaye fiye da ɗaya na iya cewa nasu ne. Ajantina ta fuskanci irin wannan bayan mulkin sojan 1976 zuwa 1983, lokacin da aka ƙwace jariran waɗanda aka kashe aka raba wa wasu gidaje. Kakanni mata suka matsa wa gwamnati lamba, a 1987 aka kafa rumbun ajiyar bayanan ƙwayoyin halittar iyalai, zuwa yau an gano jikoki fiye da 130. Iyalan da rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga ya tarwatsa sun cancanci irin wannan rumbu. Jihar Legas ta buɗe cibiyarta ta DNA a Satumba 2017, mu kuwa a Arewa sau da yawa sai an yi doguwar tafiya da samfuri, in ma an ɗauka ke nan.

Ga kuma fyaɗe, musamman na ƙananan yara, inda shari'a kan rushe don "babu shaida", alhali shaidar na jikin yarinyar da zanenta, uwa ta wanke da hannunta cikin kuka da gudun abin kunya. Iyaye, in Allah ya jarrabce ku da wannan, kada a yi wa yarinya wanka, kada a wanke kayanta. A naɗe kayan a takarda mai tsabta, ba a leda ba, domin danshi na lalata samfurin. A kai ta asibiti nan take, kada a wuce awa 72, don a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki, kuma a lokacin ne aka fi samun abin da za a gwada. Gwamnonin Arewa kuma su haɗa kuɗi su gina ko da cibiya ɗaya ce mai inganci, su horar da 'yan sanda da ma'aikatan jinya yadda ake ɗaukar samfuri da adana shi har ya isa gaban alƙali.