Ko Kun Sani? Masu Gadin Mahaifa Ba Sa Korar Tayi

Rabin halittar tayi daga uba yake, don haka a wurin jikin uwa baƙo ne. Garkuwar jiki kuwa ba ta raga wa baƙo, shi ya sa takan ƙi ƙodar da aka dasa wa mutum. To me ya hana ta korar ɗan tayi? Wannan tambayar ce masanin Birtaniya Peter Medawar ya jefa a 1953.

A watanni ukun farko na ciki, kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin garkuwar da ke bangon mahaifa irin waɗanda ake kira "makasa" ne. 'Yan uwansu da ke cikin jini kashe ƙwayoyin da suka kamu da cuta suke yi. Amma na mahaifa aikinsu daban: suna fitar da sinadaran da ke yi wa ƙwayoyin mabiyiya jagora su kutsa bango, sannan su taimaka wajen buɗa 'yan siraran jijiyoyin jinin uwa, jini ya wadaci tayi.

Idan jijiyoyin ba su buɗu sosai ba, hawan jinin masu ciki kan iya biyo baya, wani sa'in har da jijjiga. Mai juna biyu, kada ki yi wasa da zuwa awo.