Matan da ke bayan jarkar manja

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sarin manja a yankin Kade da ke gabashin Gana, in kai Kumasi, daga can ya hau mota zuwa Arewa. Wallahi duk tsawon shekarun nan, launi da ƙamshi da farashin jarka kawai nake dubawa. Ban taɓa tambayar wa ya tsince 'ya'yan kwakwar ba.

Bara da damina mota ta ɓata mana, na kwana gidan wata mata da ke aiki a wata babbar gonar kwakwar manja. Da ta miƙo mini ruwa na ga tafin hannunta duk ya saɓule. Na ce, “Maame, ƙuna ce?” Ta ce a'a, maganin ciyawa ne, shekaru tana feshi ba safar hannu.

A irin gonakin nan maza ke yanko nonon kwakwa. Mata kuwa su ke tsince 'ya'yan da suka zube, su zuba taki, su yi feshi, yawancinsu a matsayin leburorin wucin gadi. Ranar da ba ki fita ba, babu kuɗi, ko da laulayin ciki ne ya kwantar da ke.

Ashe wannan baiwar Allah ita ce shugabar kwamitin matan gonar. A bakinta na fara jin RSPO, ƙungiyar da aka kafa a 2004 don tsaftace harkar manja a duniya. Ƙa'idojinta na 2018 sun hana a sa mai ciki ko mai shayarwa aikin feshi, sun kuma buƙaci a kafa kwamitin da zai kula da lamuran mata. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ma ta ba mai jego hutun mako 12 aƙalla, da awa ɗaya ta shayarwa a lokacin aiki.

Doka dai ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta. Maame ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ta sa ɗanta ya karanta mata takardun, ta riƙa bin mata gida gida bayan magariba. Wani shugaban aiki ya yi mata barazanar cire sunanta, wasu mazan suka ce tana zuga musu mata. Ba ta fasa ba. Yanzu masu feshi na da takalmin roba da safar hannu da wurin wanka, kuma wadda aka nema da lalata tana da mace 'yar'uwarta da za ta kai wa ƙara.

Da zan tafi ta ja ni gefe, ta ce kada in kuskura in zuba manja a jarkar da aka taɓa sa maganin feshi, komai wankin da aka yi mata. Jikina ya yi sanyi, don na sha sayen tsofaffin jarkoki ba tambaya. Ina isa gida na ware guda shida da ban san asalinsu ba, na huda su.

'Yan'uwa masu sari, mu riƙa tambaya. Manjan nan a tukunyar 'ya'yanmu yake ƙarewa.