Kafin a sayi babbar kwamfuta, a ƙidaya jama'ar ranar cunkoso

Ranar 1 ga watan Oktoban 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin HealthCare.gov, inda 'yan ƙasar za su yi rajistar inshorar lafiya a ƙarƙashin dokar shugaba Barack Obama. An shirya shafin don ɗaukar mutum 50,000 zuwa 60,000 a lokaci guda, sai ga kimanin 250,000 sun yo ca a kansa. Takardun da majalisar dokokin ƙasar ta fitar daga baya sun nuna mutum 6 kacal suka kammala rajista a ranar farko. Sai da aka shafe wata biyu ana gyara kafin abubuwa su daidaita.

To in haka ta samu Amurka da duk kuɗinta, ina ga banki ko jami'a ko ma'aikatar da ke shirin sayen tsarin kwamfutar da dubban mutane za su hau a tare? Tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi ita ce: mutum nawa ne za su shigo a sa'ar da ta fi kowace cunkoso? Ga banki, ƙarshen wata ne, ranar albashi. Ga hukumar jarabawa kuwa, ranar da sakamakon BEPC ko BAC ya fito, lokacin da ɗalibi da uwa da uba da kawu kowa ke latsa waya a minti ɗaya. Wanda ya yi lissafi da ranar da ba kowa, ai ya ɗinka riga ne bai gwada mai ita ba.

Matsalar ta daɗe. Tun 1961 Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT suka gwada tsarin CTSS, inda kwamfuta ɗaya ke raba lokacinta tsakanin mutane da yawa, ta ɗan saurari wannan ta koma kan wancan cikin sauri, har kowa ya ɗauka shi kaɗai take wa aiki. Daga baya ta kai ga ɗaukar wajen mutum 30 a lokaci guda. Har gobe dabarar ke nan, yawan jama'ar ne ya ƙaru.

A yau hanya uku ce a gaban mai saye. Ta farko, ƙatuwar kwamfuta guda irin IBM z16 da ta fito a 2022, wadda manyan bankunan duniya ke ji da irinta saboda da wuya ta tsaya. Sai dai akwai tsada, kuma waɗanda suka iya sarrafa ta ba su da yawa. Ta biyu, a jera matsakaitan kwamfutoci da ake kira uwar garke, galibi masu aiki da Linux, a sa musu na'urar da ke rarraba baƙi, ta yadda in ɗaya ta mutu sauran su ɗauke nauyinta. Ta uku, a yi haya ta intanet a rumbunan kamfanoni irin su Amazon da Microsoft, a ƙara ƙarfi ranar cunkoso, a rage in jama'a sun watse. Wannan na da sauƙin farawa, amma galibi da dala ake biya duk wata, kuma bayanan jama'a na ajiye a wata ƙasa.

Ƙarfin na'ura kaɗai fa ba ya fidda kai. A HealthCare.gov an tilasta wa kowa ya buɗe asusu kafin ma ya ga farashi, sai jama'a suka cushe a ƙofa ɗaya. Kuma gwajin tsarin gaba ɗayansa sai dab da buɗewa aka yi shi. A Najeriya ma, a watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa, bayan da rashin sabunta manhaja a wasu uwayen garke ya ɓata sakamakon cibiyoyi 157. Ɗalibai kusan 380,000 aka ce su sake zama jarabawa.

A nan yankinmu akwai ƙarin tambayoyi. Ɗakin uwar garke na buƙatar sanyi dare da rana, alhali zafin Yamai a watan Afrilu kan haura digiri 40. Ba a manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi. Mai haya a waje kuma ya tuna ƙasar ba ta da teku, wayoyin intanet ɗinta ta maƙwabta suke biyowa.

Don haka kafin a sa hannu a kwangila, a sa mai sayarwa ya gwada tsarin da baƙin gwaji da suka ninka waɗanda ake tsammani, a gaban idon mai saye. A kashe uwar garke ɗaya da gangan a ga abin da zai faru. Sannan a rubuta a takarda wa zai zo gyara in abin ya tsaya da tsakar dare, kuma cikin awa nawa.